"An gano magani"… amma a jikin ɓera

Sadiƙu: Salamu alaikum jama'a. Yau ma na ci karo da labarin nan da ba ya ƙarewa, wai masana sun gano maganin da ke narkar da ƙiba ya kuma daidaita suga. Na bi shi har ƙasa, sai can dab da ƙarshe aka ce a jikin ɓeraye aka gwada. Ni kam na gaji. Maganata ita ce, gwajin magani a jikin ɓera ɓarnar lokaci ce da dukiya, ba ya faɗa mana komai a kan ɗan Adam. Cikin magunguna goma da suka tsallake gwajin dabbobi aka kai su gwajin mutane, kusan tara ba sa fitowa. Ɗalibin da ke faɗuwa tara cikin goma ai gida ake mayar da shi. Mai ja ya ja.

Nura: Wa alaikumus salam. Ɓera dai ya more. Shekara nawa ana warkar da shi daga cutar kansa da suga da mantuwa, mu muna bin layi.

Dakta Halima: Sadiƙu, lissafinka na tara cikin goma haka yake, sai dai ka jibga wa ɓera kayan da ba nasa kaɗai ba. Ba ka ƙirga dubban sinadaran da gwajin dabba ya tare tun kafin su taɓa bakin mutum ba, don waɗannan ba sa shiga labarai. Sannan ka ce "komai". A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, wato gaɓar cikin ciki da ke samar da insulin, sai ga shi ya kamu da ciwon suga. A nan aka gane inda matsalar take. A 1921 Banting da Best suka ci gaba da aiki a kan karnuka a Toronto, a Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, allurar insulin ya tashi. Kafin nan yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon nan kwanansa kawai ake ƙirgawa. Kuma har zuwa 1982 insulin ɗin da mutane ke amfani da shi daga jikin shanu da aladu ake ciro shi.

Sadiƙu: Anti Dakta, da girmanki, wannan kare ne, kuma labarin ya haura shekara ɗari. Ɓera na ce.

Malam Bashir: Bari in ɗan tallafa wa yaron nan kada ku danne shi. Dakta, kin san labarin leptin fiye da ni. Tun 1949 aka lura da wani ɓera a ɗakin binciken Jackson da ke Amurka, ci yake ba ƙoshi, ya yi ƙiba ninkin 'yan'uwansa. Sai 1994 Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon da ta lalace a jikinsa: kitse na fitar da wani sinadari mai suna leptin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, shi kuwa wannan ɓeran ba shi da shi. Aka yi masa allurar sinadarin, ya rage ci, ya zube. Duniya ta ɗauka an gama da ƙiba. Kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 don mallakar haƙƙinsa. Da aka gwada a mutane masu ƙiba, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba, domin yawancinsu leptin ɗin ma ya yi musu yawa a jini, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraro. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Dakta Halima: Malam Bashir, ka tsaya a tsakiyar labarin. A 1997 O'Rahilly da Farooqi a Cambridge suka samu yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa ba su da leptin kwata-kwata. Irin cin ɓeran nan, irin ƙibarsa. Da aka fara yi wa masu irin wannan larura allurar, yunwar ta kwanta, nauyin ya sauka. Ɓeran bai yi ƙarya ba. Labarin wata cuta ya ba mu wadda ba kasafai ake samunta ba, mu ne muka yi zaton labarin kowane mai ƙiba ne.

Malam Bashir: Na yarda da wannan. To ga wanda ba za ki iya wankewa ba. Maris 2006, asibitin Northwick Park a Landan, maganin TGN1412. An gwada shi a birai ba abin da ya same su. Aka ba samari shida masu cikakkiyar lafiya kashi ɗaya cikin 500 na abin da birai suka ɗauka lami lafiya. Cikin 'yan sa'o'i garkuwar jikinsu ta haukace ta juya kansu, gaɓoɓi suka fara tsayawa, duka shidan suka kwanta a sashen kulawa ta musamman. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsun ƙafa da wasu na hannu. Biri fa ke nan, wanda ya fi ɓera kusa da mu nesa ba kusa ba.

Sadiƙu: Yauwa Malam! Allah ya ƙara girma.

Dakta Halima: Ba zan wanke shi ba. Daga baya an gano cewa wani rukuni na ƙwayoyin T na garkuwar jiki, masu riƙe tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa, suna ɗauke da mariƙin da maganin ke kamawa a jikin mutum, a jikin irin biran nan kuwa ba su da shi. Gwajin dabbar ya gaza, babu musu. Amma wa ya ce a jera mutum shida a ɗura musu sabon magani tazarar mintuna kaɗan tsakani, ba a jira an ga yadda na farko ya kwana ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Zainab: Iyayena ku gafarce ni in sa baki, ni ce mai share kejin ɓerayen da ake magana a kai. Yaya Sadiƙu, abin da mutane ba su sani ba shi ne ɓeran ɗakin gwaji ko ɓera na sosai bai cika ba. Wanda aka fi amfani da shi, C57BL/6, an yi ta haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya har duk suka zama tamkar tagwaye. Iskar da yake shaƙa a tace take, abincinsa da shimfiɗarsa an kashe musu ƙwayoyin cuta, bai taɓa yin ko mura irin ta ɓeraye ba. Mu kanmu sai mun sa riga da safar hannu da takunkumi muke shiga wurinsa, ba don kare kanmu ba, don kare shi.

A 2016 masu bincike a jami'ar Minnesota suka yi abin da da farko ya yi kama da wasa. Suka sayo ɓeraye daga shagunan sayar da dabbobin gida, suka zuba su keji ɗaya da na ɗakin gwaji. Kafin haɗin, garkuwar ɓeran gwaji ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa. Bayan haɗin wasu suka mutu, waɗanda suka rayu kuwa garkuwarsu ta koma kama da ta babban mutum, suka fi jure wa cutar da aka jarraba su da ita.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2019 a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka. Aka ɗauki ɗan tayin ɓeran gwaji aka dasa a mahaifar ɓeran daji, aka haife shi da gadon na gwaji amma da ƙwayoyin ciki da na fata irin na daji. Sai aka ba su magani irin TGN1412 ɗin da Malam Bashir ya ambata. Na ɗakin gwaji suka nuna abin da ya yaudari masana tun farko. Waɗanda uwar daji ta haifa kuwa jikinsu ya tayar da kumburi, irin hanyar da samarin Landan suka bi. Kenan ɓera na iya faɗar gaskiya, in aka bar shi ya yi ƙazanta.

Nura: Wato ɗan gata ne, shi ya sa shaidarsa ba ta karɓuwa a kotu.

Zainab: Ɗan gata mai jin sanyi ma, Yaya Nura. Ana ajiye su a zafin digiri 20 zuwa 22 don jin daɗin ma'aikata, alhali jikin ɓera ya fi sakewa a wajen digiri 30. Kullum yana ƙona abinci don ɗumama kansa. Ka ga wanda ke nazarin yadda jiki ke sarrafa kitse da suga a dabbar da ke fama da sanyi dare da rana, dole ya yi hattara da abin da ya gani.

Malam Bashir: Zainabu, ƙazanta da ɗumi ba za su gyara halitta ba. A jinin mutum, cikin fararen ƙwayoyin jini, nutrofil su ne kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. A ɓera 10 zuwa 25 ne kawai. Gubar bakteriyar da za ta jefa mutum cikin mawuyacin hali, ɓera na ɗaukar ninkinta dubbai yana yawonsa. A 2013 mujallar kimiyya ta PNAS ta buga binciken da ya kwatanta yadda ƙwayoyin gado ke motsawa bayan ƙuna da mummunan rauni da gubar jini, aka ce na ɓera da na mutum kusan ba su da alaƙa.

Zainab: Haka ne Malam. Sai dai masana biyu daga Japan, Takao da Miyakawa, sun ɗauki alƙaluman nan dai, ba su ƙara ɓera ko ɗaya ba, suka sake lissafi, suka buga a mujallar nan dai cewa kamannin na da ƙarfi. Su sun ware ƙwayoyin gadon da suka motsa a ɓangarorin biyu ne kawai.

Malam Bashir: Ai in ka zaɓi inda kuka yi kama kaɗai, kowa ɗan'uwanka ne.

Zainab: Abin da masu sukarsu suka faɗa ke nan. Ban ce sun yi nasara ba.

Kawu Isuhu: Na yi shiru ina jin ku. Shekaruna na aiki duk a kan dabbobi na yi su, kuma abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kuke cewa "dabba" kamar abu ɗaya ce. Farasitamol da kuke haɗiya ba tunani, kyanwa yake kashewa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kyanwa da kare ma ba ɗaya ba ne, balle ɓera da mutum. Gwanintar ita ce sanin wace dabba za ka tambaya wace tambaya. A 1907 Holst da Frølich a Norway suka samar da cutar rashin bitamin C a jikin ɓeran Masar. Sa'a suka taka: ɓeran Masar, kamar mu, jikinsa ba ya haɗa bitamin C. Da ɓera na gida suka ɗauka, da har su tsufa ba su ga komai ba, don shi jikinsa na haɗa nasa. Talidomaid kuma, maganin da mata masu ciki suka sha ya nakasa jarirai sama da 10,000 kafin a janye shi a 1961, ɓeraye ba su cika nuna illarsa ba, amma da aka gwada a zomaye masu ciki sai ga nakasar.

Sadiƙu ɗana, ka san aibamektin, maganin nan na kashe tsutsotsi a jiki? A jikin ɓeraye masu tsutsar ciki aka fara ganin ƙarfin sinadarin da aka samo shi daga gare shi. Ya fito a 1981 a matsayin maganin dabbobi, mu muka fara riƙe shi. A 1987 aka fara ba mutane don cutar makantar kogi, a 2015 Campbell da Ōmura suka karɓi kyautar Nobel a kansa. Je ka ce wa wanda idonsa ya tsira ɓera bai faɗa mana komai ba.

Sadiƙu: Kawu, na janye kalmar "komai". Amma ban janye sauran ba. A ƙarshen 2022 Amurka da kanta ta cire sharaɗin dole na gwada sabon magani a dabba kafin mutum. In abin na da inganci haka, me ya sa?

Dakta Halima: Dokar ta ba da dama ne a kawo hujja ta wasu hanyoyi, kamar ƙwayoyin jikin mutum da aka raina a faranti ko lissafin kwamfuta. Ba ta hana gwajin dabba ba. Hanta a faranti za ta iya nuna maka guba, amma ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta ji yunwa, ba ta da ƙoda, ba ta ɗaukar ciki. James Allison a ɓeraye ya nuna a 1996 cewa in aka cire wa ƙwayoyin T birki suna cinye ƙwayoyin cutar kansa. A 2011 maganin da aka gina a kan wannan binciken ya fito, kuma akwai masu kansar fata da ta bazu da suka rayu shekaru a kansa. Faranti kaɗai ba zai nuna wannan ba.

Malam Bashir: To ga tambaya, Dakta, tunda kullum ina shan ta a wurin aiki. Alluran nan na suga da rage ƙiba irin su semaglutaid, takardarsu na ɗauke da gargaɗin wata kansa ta maƙogwaro saboda abin da aka gani a ɓeraye. Sakarin, sinadarin zaƙin nan da ake sawa a madadin sukari, shi ma haka aka yi masa a shekarun 1970 kan kansar mafitsara, sai a 2000 aka cire gargaɗin bayan an gane lamarin na fitsarin ɓera ne. In ɓera ya yi albishir kun ce a jira mutum. In ya yi gargaɗi fa, a jira ko a gudu?

Dakta Halima: Wanda ke da tarihin irin wannan kansar ta maƙogwaro a danginsa ba na rubuta masa, ko da ɓera ne kaɗai ya faɗa. Sauran kuwa sai na ga mutum a gabana.

Sadiƙu: Kenan albishirinsa ba a yarda, gargaɗinsa ana ɗauka. Anti, wannan ai rabin maganata ce kika dawo mini da ita.

Zainab: Ku ci gaba, zan dawo in karanta. Lokacin auna sugan ɓerayena ya yi, tun safe na ɗauke musu abinci.