Tafiyar aikin sa kai zuwa Browning: su wa ne marasa galihu?

Abu Sadiƙ: Salamu alaikum 'yan'uwa. Raina a ɓace yake. Na jagoranci ɗalibanmu na nan Amurka zuwa Browning, hedkwatar ƙabilar Blackfeet, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar da ake kira Indiyawan Amurka, a jihar Montana. Mun yi wa gidajen tsofaffi fenti, mun gyara matakala, mun share filin wasan yara. Dattawan garin suka roƙe mu kada kowa ya ɗauki hoto lokacin addu'arsu. Wallahi wasu yaranmu suka ɗauka, har suka ɗora a Instagram. Ni aka kira, ni na ba da haƙuri. Haka ake shiga gidan marasa galihu?

Maman Hanifa: Marasa galihu kuma, Malam? Mutanen da ke da majalisarsu, da kwalejinsu tun 1974, da ƙasa kusan eka miliyan 1.5? Wannan kallon ne ya sa yaran suka ɗauke su abin nunawa a waya.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, a faɗi gaskiya. A 1870 sojojin Amurka sun kashe 'yan Blackfeet kusan 200 a bakin kogin Marias, akasari mata da yara da tsofaffi. Da aka ƙarar da ɓaunar da suke rayuwa a kanta, ɗaruruwa suka mutu da yunwa a hunturun 1883 zuwa 1884 suna jiran abincin gwamnati. Duwatsun gabashin gandun dajin Glacier ma nasu ne kafin yarjejeniyar 1895. In wannan ba rashin galihu ba ne, mene ne?

Maman Hanifa: Zalunci ne, ɗan'uwa. Wanda aka zalunta daban, marar gata daban. Elouise Cobell 'yar Blackfeet ce, ta maka gwamnatin tarayyar Amurka a kotu a 1996 kan kuɗin filayen 'yan asalin ƙasar, aka yi sulhu a 2009 kan dala biliyan 3.4.

Injiniya: Ni abin da ke damuna daban ne. Kuɗin tikiti da masauki nawa aka kashe? 'Yan gudun hijira na kwance a Gusau da Anka, ku kuna can kuna fenti a ƙasar da ta fi kowa arziki.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, mutanen Zamfara da Sakkwato da suka tsallako mana tun 2019, mu muka ba su masauki. Kai me ka aiko musu?

Injiniya: Kada ka kawo mini zancen Nijar. Ku fara buɗe iyakar Bénin tukuna.

Baban Amira: Ni na taɓa jin cewa Indiyawan Amurka duk gwamnati na biyansu albashi kowane wata.

Maman Hanifa: Ba gaskiya ba ne, Alhaji. Wa ya faɗa maka?

Baban Amira: Wani abokina direban tirela.

Abu Sadiƙ: Don Allah, maganar hoto nake yi. Yaya zan yi da yaran nan kafin tafiya ta gaba?

Injiniya: Ka soke tafiyar kawai.

Admin Garba: To jama'a, a tsaya nan. Abin da na fahimta, mafi yawanmu mun yarda sadaka daga gida take farawa, kamar yadda Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. Hajiya ta kawo tarihi, mun gode. Gudummawar wannan watan za ta tafi Gusau insha Allah.

Maman Hanifa: Mafi yawan wa, Malam Garba? Mutum ɗaya ne ya faɗi haka, kuma garinku ɗaya.