Finale ya mutu, ina zan koma da waƙoƙin ban ɗinmu?

MalaminBan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ni ke koya ma yaran makarantarmu busa a nan Aboabo, kuma duk waƙoƙin faretin 6 ga Maris da muke yi a Finale, manhajar rubuta waƙa a kwamfuta, na rubuta su tun tuni, sai yanzu wani yaro yake gaya min wai kamfanin sun daina shi tun Agustan 2024, ni ban ma sani ba wallahi. Laftof ɗina ta tsufa, kuɗi kuma sai a hankali. Wanne zan kama, MuseScore ko Dorico? Kuma aikin da na tara shikenan ya tafi?

DanNima:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, tunda Finale ɗin yana buɗewa a wajenka, zauna yau ɗin nan ka mayar da fayilolinka duka MusicXML, wato irin fayil ɗin da MuseScore da Dorico duka suke buɗewa, akwai wurin da zaka zaɓi folda guda ya juye ta gaba ɗaya. Dorico baya buɗe fayil ɗin Finale kai tsaye, ranar da laftof ɗin nan ta ƙi tashi kuwa sai dai haƙuri. Bayan nan ka ɗauki MuseScore, kyauta ne ko pesuwa baka biya. MuseScore 4 ya fito Disamba 2022 da sababbin sautukan da ake saukewa daban, Muse Sounds, sautin tirampet da tirambon ɗinsa ya fi na da nesa ba kusa ba, ka kunna ma yara su ji yadda waƙar take kafin su sa baki. Ka rubuta sau ɗaya, shi zai fitar ma kowa takardarsa, mai tirampet ma ya ɗaga masa sautin daidai da B-flat ɗinsa ba sai ka zauna kana lissafi da dare ba.

Hajiya_Asawase:
Ɗan Nima ka faɗi daɗin baka faɗi data ba. Sautukan nan gigabait ne masu yawa, kuma tsohuwar laftof sai ta dinga sarƙewa tana ƙoƙ-ƙoƙ. Malam bar shi a MS Basic, sautin da yazo dashi, ya isheka. Ka dinga sebin kuma, kasan wutarmu.

KakakiKumasi:
Ni Dorico nake, tsarin shafinsa yafi kyau gaskiya, akwai ƙaraminsa Dorico SE na kyauta. Amma Malam yaranka layi suke karantawa ko do re mi? Don yawancin yaran nan da solfa suka tashi, manhajar Sibelius ne na sani yana da abin da ke jera maka solfa a kan layin.

MalaminBan_Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Solfar da biro nake rubuta musu dama. Na fara juyewar, fayil 40 sun wuce, sai dai kalmomin wata waƙa sun hau kan juna da na buɗe a MuseScore, haka yake yi ko ni ne?

DanNima:
Haka yake yi wani lokaci Malam, ja su da hannu.