Na sauya wa kwamfuta akwati, ta ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana 3 ke nan abin nan ya hana ni sakat.

Tsohon akwatin kwamfutata ta tebur ya yi tsatsa, sai na sayo sabo a Sabon Gari, na kwashe kayan ciki na mayar. Madabod ɗin, wato faifan da ake haɗa duk kayan kwamfuta a kansa, ƙarami ne, irin wanda ake kira micro-ATX, akwatin kuwa babba. Ina danna maɓalli sai fankoki su juya kamar daƙiƙa 2 su tsaya cik. Babu ƙara, allo baƙi ƙirin.

Na cire wayar wuta mai fil 24 da ta firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai fil 8, na sake soka su da kyau. Na gwada RAM (ma'adanar bayanai ta wucin gadi) ɗaya bayan ɗaya. Na ma haɗa filolin kunnawa da sukundireba, ko maɓallin ne ya mutu, duk sammakal.

Abin da ya fi ɗaure min kai, da na fito da madabod na ɗora a kan kwali, sai ta tashi lafiya lau har cikin Windows. Ina mayarwa na ɗaure sukurori, matsalar ta dawo. Aikin ɗalibaina na Samaru duk yana ciki.

Don Allah, me ke taɓa madabod a cikin akwatin har yake yanke wutar?