Wane irin kwaɗo ne ke kuka kamar ɗigar ruwa a tulu?

Mai Garka:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƴar garka wajen Sura Bildi a Maradi kusa da gulbi, to tun da ruwa ya zauna cikin watan nan na Yuli in na tsaya da dare kwaɗi ba su barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Kwaaa-kwaaa ɗin nan kowa ya san shi, amma akwai wani kuka daban da ke tashi daga cikin ciyawa, ƙwip, sai shiru, can kuma ƙwip daga wani gefen, kamar ana ɗiga ruwa cikin tulu. Na haska tocila har batir ya mutu ban ga komi ba. Yarona ya ce tsuntsu ne, ni ko na ce wane tsuntsu ke kwana ƙasa cikin laka. Wa ya san shi?

Ɗan Bagalam:
Hhhh malam ka tabbata ba gyare ba ne? Ko dai ka yi addu'a ka koma gida kawai 😂

Mai Garka:
Haba ɗan uwa, gyare ai tsiiiii yake ja bai tsayawa. Wannan guda guda yake fitowa.

Malamar SVT:
Wa alaikumussalam, ni malamar SVT ce, wato kimiyyar halittu da ƙasa. Yadda ka kwatanta, kusan babu shakka wani ɗan kwaɗo ne da masana ke kira Kassina senegalensis. Bai wuce tsawon babban yatsa ba, yana da baƙaƙen zane a gadon baya, kuma tafiya yake da sauri sauri a maimakon tsalle. Da yamma daga cikin ciyawa yake fara kira, nesa kaɗan da ruwa, wani ya amsa masa daga can, shi ya sa kake jin kamar abin yana yawo da kai. Kuma maza ne kawai ke wannan kukan, mata suke kira, akwai wata jaka ƙarƙashin maƙogwaronsu da ke kumbura kamar balan-balan tana ƙara ma muryar ƙarfi. Kowane iri da nasa kiran, macen ba ta zuwa sai wurin irin nata, to da kunne kaɗai ana iya rarrabe su.
Mai kwaaa-kwaaa mai kama da minshari shi ne kwaɗon gida mai ƙurajen baya, wanda ke zama ƙarƙashin randa ko gindin fitila yana cin ƙwari. Shi ƙwansa a jere yake zuba shi kamar zaren carbi. In kuma ka ji wani tik tik kamar ana buga ƙarfe biyu daga saman ganye, ƙananan nan ne masu manne wa ciyawar bakin ruwa.

Tsohon Masunci:
Ɗiyata kin yi bayani amma kin mance da babbansu, burduddugi. Mu da munka tashi bakin tabkin Madarumfa kusa da Maradi ko barci muke mun san muryarshi, ƙasa ƙasa take, mai kauri, kuma daga cikin ruwa yake yi ba daga tudu ba. Shi ne ake kamawa a busar, wasu na ci. Abin da ke ba yara mamaki shi ne duk rani ba ka jin ko guda, daren da anka yi ruwan farko mai ƙarfi sai kududdufi ya ɗauka gaba ɗai, har su ce daga sama sunka faɗo. Ba daga sama ba ne, wasu cikin ƙasa suke binne kansu, wasu cikin ramu da tsagar laka, su jira damina. Na sha tono su ina haƙa.

Malamar SVT:
Gaskiya ne Baba, na gode. Mai Garka in kana son ganinsa ka daina yawo da tocila a kunne, da ya ji motsi yake yin tsit. Ku je ku biyu da yaron, ku tsaya nesa da juna, kowa ya nuna inda yake jin kukan, inda hannuwanku suka haɗu nan za ku haska. Ka sa takalmi mai rufi don inda kwaɗi suke maciji ba ya nisa. Kuma ka ɗauko muryar da waya ka turo mu ji.

Mai Garka:
To madalla, yau bayan isha'i in ba a yi ruwa ba za mu gwada. Yaron har yanzu yana kan cewa tsuntsu ne, mun sa dala ashirin.