Wai gwajin DNA na iya gane macen dabino tun yana ƙarami?

Mai_Fadama:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da fili kamar kadada ɗaya da nake so in zuba wa dabino, to akwai wani mai sayar da dashe da ya ce min nasa Ajwa ne da Medjool, daga ƙwallo ya shuka su amma wai an yi musu gwajin DNA duk mata ne, shi ya sa kuɗinsu ya ninka na sauran. Don Allah masu ilimin abin, da gaske ana gane mace da namiji tun yana cikin leda? Kuma gwajin zai tabbatar min Ajwa ce?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayoyi biyu ka haɗa kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko eh, ana ganewa. Dabino yana da ƙwayoyin gadon jinsi kamar mutane, XX mace XY namiji, tun 2011 masu bincike a Katar suka fitar da taswirar ƙwayoyin halittarsa da irin Khalas suka gano wurin da ke bambanta jinsi, daga baya aka samu alamomin da namiji kaɗai ke ɗauke da su. Ɗan ganye kawai ake yankowa a ciro DNA a saka a injin PCR, wanda ke ninka DNA har a iya ganin alamar.

Ta biyun ce matsalar. Ƙwallon Ajwa ba ya haifar da Ajwa, ko da kai da kanka ka ci dabinon a Madina ka taho da ƙwallon a aljihu, saboda rabin gadonsa na uwa ne rabin kuma na wani namijin da aka yi barbara da shi wanda ba wanda ya san shi. Abin da muke dubawa a lab don gane iri ana ce masa SSR, wasu 'yan gajerun haruffa ne da ke maimaita kansu a DNA, misali GA GA GA, a wata bishiya sau 10 a wata sau 14, kuma kowace bishiya tana da kwafi biyu, na uwa da na uba. In ka duba wurare 15 ko 20 irin haka sai ka samu wani abu kamar zanen yatsa. To in ka gwada ɗan ƙwallon da Ajwa ta asali za ka ga a kowane wuri sun haɗu a kwafi ɗaya, wato ɗanta ne, amma ba ita ba ce. Gwajin da yake tutiya da shi shi ne ma zai ƙaryata shi.

Dattijon_Lambu:
'Yata ta faɗi gaskiya. Mu dai abin da muka sani in kana son irin uwa sak to ɗan da ya tsiro a gindinta za ka cire ka dasa, shi ba ya canzawa, mace ce mace za ta zama. Na ƙwallo kuwa kusan rabi maza ne kuma sai ka yi shekara biyar ko fiye kana ban ruwa kafin ya nuna maka ko shi waye, alhali maza kaɗan sun isa gona guda in da hannu kake barbara. Ka ce wa mai sayar da dashen ya nuna maka takardar gwajin da sunan wurin da aka yi, kowace leda da lambarta. In ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka. Ka kuma leƙa tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse ka ji ta bakinsu kafin ka sayi komai.

Ba_Agadez:
Ni kuma bari in ɗan ja da ku kaɗan, don naga kowa ya raina na ƙwallo. Wlh wannan rububin Medjool da Ajwa da ake yi yana ban tsoro. Ku duba Maroko, cutar bayoud da wani naman gwari na cikin ƙasa ke kawowa ta kashe musu miliyoyin itatuwan dabino, kuma manyan irin da ake ji da su irin Medjool su ta fi ci, saboda gona guda duk jini ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya ya kama duka. Medjool ɗin Amurka ma asalinsa 'ya'yan gindi 11 ne kacal da aka ɗauko daga garin Boudenib na Maroko a 1927, guda 9 suka rayu, daga nan aka yi ta yaɗawa. To in ka gwada DNA ɗinsu kusan abu ɗaya za ka yi ta gani.

Namu na nan kuwa da yawansu daga ƙwallo suka fito, kowace bishiya da nata gadon, akwai marasa daɗi gaskiya masu ƙwallo ƙato nama kaɗan, amma a cikinsu ne ake samun wadda ta saba da damunarmu, ga wasu a yankin Manga na Nijar da arewacin Najeriya da ke haihuwa sau biyu a shekara. Waɗannan ya kamata a bi gona-gona a yi wa alama a gwada, a san wacce ce wacce, kafin a sare su a dasa baƙi.

Ummu_Hanan:
Ba ja ba ne Yaya, ai aikin da alamomin suka fi amfani kenan. Da su aka gano dabinon duniya ya kasu gida biyu manya, na gabas wato Larabawan Gulf da Iraƙi har Pakistan, da na yamma wato Arewacin Afirka, kuma na Nijar da aka gwada ɓangaren yamma suka faɗa. A 2019 ma aka nuna cewa na Arewacin Afirka suna da wani kaso na gadon wani dabinon daji da ake samu a tsibirin Kirit na Girka. Sannan alamomin suna tona asirin sunaye, sai ka ga suna ɗaya a garuruwa biyu amma bishiyoyin daban, ko sunaye uku ashe iri ɗaya ne.

Abin da SSR ba zai faɗa maka ba shi ne zaƙi ko yawan 'ya'ya, wannan sai bishiya ta haihu an ɗanɗana an auna.

Mai_Fadama:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na kira mai dashen yanzu na tambayi takardar ya ce wai tana wurin yaronsa zai turo. Baba Dattijo don Allah ɗan gindin nan wane girma ya kamata ya kai kafin a cire shi, kuma wane lokaci ne ya fi kamawa a wajenku?