Wace kalma za mu ba doomscrolling da Hausa?

Mai_Fassara: Assalamu alaikum malamai. Kalmar doomscrolling ta yi yawa a rubuce-rubucen lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2020, lokacin annobar korona. Abin da take nufi: mutum ya dunga jan allon waya yana karanta munanan labarai, wannan na bin wancan, ransa na ƙara ɓaci amma ya kasa ajiye wayar. A fassara yawanci sai a yi mata jimla guda, "yawan karanta munanan labarai a waya", wadda ba ta shiga kanun labari. Na ga wasu sun sa "gungurar bala'i". Ana neman abin da bai wuce kalma biyu ba, wanda za a iya cewa "yana yin kaza" ko "ki rage kaza".

Injiniyan_Manhaja: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin a raɗa suna a san yadda abin yake aiki, don rabinsa ƙirar manhaja ce. A da shafin intanet yana da ƙarshe, ka kai ƙasa sai ka danna "na gaba". Wannan dannawar wurin tsayawa ce, a nan mutum ke tambayar kansa ko ya isa haka. A 2006 wani mai ƙera manhaja, Aza Raskin, ya fito da shafin da ba ya ƙarewa: kafin ka kai ƙasa manhaja ta riga ta roƙo wani rukuni daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin, ta jera maka, ba ka ga mahaɗin ba. A 2009 kuma Loren Brichter ya kawo jan allo ƙasa don sabuntawa, a Tweetie, manhajarsa ta shiga Twitter.

Bayan waɗannan biyu, na uku shi ne tsarin manhaja mai zaɓar abin da za ka gani. Ba ya tambayarka me kake so. Yana auna daƙiƙa nawa ka tsaya kan abu, ko ka maimaita bidiyo, ko ka buɗe sharhi, ko ka tura wa wani. Wanda ya tsaya kan bidiyon haɗari don ya firgita da wanda ya tsaya don yana jin daɗi, duk ɗaya suke a lissafinsa. Saboda haka "gungura" ba ta ishe ni ba. Motsin yatsa kawai ta faɗa, kuma mai duba hotunan furanni ma gungurawa yake.

Malama_Harshe: Ni matsalata da "bala'i" ce. A bakin mutane bala'i ya daɗe da zama faɗa da rigima: mai bala'i, neman bala'i, ta zo da bala'inta. Ga kuma "bala'in kyau", "bala'in tsada". Ka ce wa mutum yana gungurar bala'i, zai ɗauka rigima yake turowa. Masifa ma haka ta koma. Musiba ce kaɗai ta tsaya a ma'anarta.

Ɗalibi22: Malamai, me zai hana a ce "jarabar waya" ko "maitar labarai"? Ai kowa zai gane.

Likita_H: Za a gane, amma za a gane abin da ba shi ba. Jaraba da kamu kalmomi ne da muke buƙata don cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar wasannin bidiyo a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, kuma sai an cika sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. Doomscrolling ba ya cikin kundin. Ɗabi'a ce, mai lafiya ƙalau ma yana faɗa mata idan aka shiga yaƙi ko annoba ko zaɓe. In muka kira ta jaraba, ranar da mai jarabar gaske ya zo ba mu da sunan da za mu ba shi.

Ga abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa, wataƙila ya taimaka wajen zaɓe. Hankalin ɗan Adam ya fi saurin kama barazana a kan abin daɗi, wannan tsohon sani ne a fannin halayya. Mutum ya ga labarin tsoro sai ya ji rashin tabbas, sai ya nemi ƙarin bayani don hankalinsa ya kwanta. Bayanin da ya samu ya ɗan sassauta masa na daƙiƙoƙi, sannan ya buɗe wata sabuwar tambayar. Ɗan sassaucin nan ne ke ɗaure ɗabi'ar. Kuma ba kullum ake samunsa ba, wani jan a samu sabon abu, wani jan babu. Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tattabaru da ɓeraye cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi sa dabba nacewa. Masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz kuma, a gwajinsa da birai cikin shekarun 1990, ya nuna ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa masu fitar da dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da lada, sun fi motsawa idan ladan ya zo ba zato. To mutum kwanciyar hankali ya fita nema, fargaba yake tarawa.

Akwai binciken da Alison Holman da abokan aikinta suka yi bayan harin bam na gudun fanfalaki a Boston a 2013. Waɗanda suka riƙa bin labarin awa 6 ko fiye a kullum a makon da ya biyo baya sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda harin ya rutsa da su ko na kusa da su. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa kallon ne kaɗai sanadi ba, don mai fargaba ma ya fi yawan kallo. Amma dai da'irar ke nan.

Malama_Harshe: Likita, maganarki ta kawo min kalma: kiwo. Dabba in tana kiwo kanta a ƙasa yake, ta tsinki nan ta matsa can, ba ta ɗagowa, kuma ba ta da wurin da za a ce nan ne ƙarshe. Sannan kiwo yana da fuska ta biyu, ka ciyar da abu har ya girma. Injiniya ya ce duk tsayawar da ka yi kana koya wa manhaja ta ƙaro maka irinsa. Kai kana kiwo a cikin labaran, kuma kana kiwata abin da ke cinka. Sai in ce "kiwon musiba".

Mai_Fassara: Kiwo ya zauna. Musiba ce nake jin ta yi nauyi. Wanda ya kwana yana karanta zagin 'yan siyasa da hasashen tashin farashi ba musiba ya karanta ba, amma abin nan dai ya yi.

Likita_H: To a sa abin da ake kiwatawa a maimakon abin da ake karantawa: "kiwon fargaba". Ta fi daidai a wajenmu, don ba irin labarin muke dubawa ba, yadda mutum ya tashi daga kansa muke dubawa. Wanda ya karanta rahoton girgizar ƙasa na minti 10, ya fahimta, ya rufe, labari ya karanta. Wanda ya kai ƙarfe biyun dare yana maimaita bidiyo ɗaya daga kusurwa biyar, ƙirji na bugawa, ba sabon abin da ya ƙaru da shi, wannan ne mai kiwon fargaba. Kuma kunne ya saba da "kiwon lafiya", zai ji kishiyar nan take.

Injiniyan_Manhaja: Na gwada ta a irin rubutun da za mu yi wa masu waya, ta shiga:

"Don rage kiwon fargaba, fara da kashe sanarwar manhajojin labarai da na sada zumunta gaba ɗaya, ka bar ta kira da saƙon mutane. Kashe kunna bidiyo da kansa. Inda manhaja ta ba da zaɓi, koma jerin waɗanda kake bi a maimakon wanda ta zaɓo maka. In mugun bidiyo ya fito kada ka tsaya ka yi sharhin Allah-wadai, sharhin ma ƙuri'a ce, danna alamar ba ka so ka wuce."

A ƙara da maganar ƙayyade lokaci. Tun 2018 iPhone da Android duk suna da ita a saituna, amma ta iPhone takan faɗi saboda in lokacin ya cika allo zai ba ka zaɓin ƙarin minti 1, ko minti 15, ko a ƙyale na yau. Dannawa biyu ka wuce. Sai an sa lambar sirri, wani ya riƙe, take aiki. TikTok ma a 2023 ta sa wa 'yan ƙasa da shekara 18 iyakar minti 60, amma matashi na iya shigar da lamba ya ci gaba. Abin da ya fi duka aiki ba ya cikin saituna: a yi cajin waya a wajen ɗakin kwana.

Ɗalibi22: Malama, to wanda ba labarin tsoro yake kallo ba fa, barkwanci ne kawai har awa uku?

Malama_Harshe: Wannan ba fargaba yake kiwo ba, kada mu cusa shi. Turawa ma da kalmar ta bazu sun fara jawo ta kan kowane irin dogon kallo, har ta fara rasa kaifinta. Shi a ce "kiwon allo", ta zama uwa, kiwon fargaba ya zama reshe ɗaya a ƙarƙashinta. Shafin da Injiniya ya bayyana kuma "shafi marar ƙarshe" ya wadatar, ba sai an ƙaƙalo masa komai ba.

Mai_Fassara: Madalla, Allah ya saka. Zan sa "kiwon fargaba" a kanu, a sakin layi na farko in bi ta da bayani sau ɗaya, daga nan ta tsaya da ƙafarta. Mai yi: mai kiwon fargaba, jam'i masu kiwon fargaba.

Injiniyan_Manhaja: Malama, saura algorithm. "Mai zaɓar abin da za ka gani" na ce a sama don ba ni da ta kirki, kuma "lissafi" kaɗai ba ta ɗauke shi ba. A buɗe masa nasa zaren.