Mariƙin durowa ya hana ni gama ɗakin jariri

Jama'a, a taimaka min da shawara. Mun yi wa ɗakin jaririnmu fenti kore mai haske, muka saka durowa fara mai mariƙai ruwan zinare. Matsalar ita ce, hannun ƙofa da sandar labule duk ruwan azurfa ne, kuma haɗin ya ƙi kwanta min a rai.

Na so in canja mariƙan, sai na tarar tazarar ramukan durowar milimita 96 ce, waɗanda nake so kuma 128. In cike ramukan in huda sababbi, ko tabon zai fito a farin katako?

Maigida ya ce a sa ƙananan masu noti ɗaya. Ni dai tsorona su kwance yaro ya kai baki idan ya fara rarrafe. Wa ya taɓa gwadawa?